Jinin Mai Wankin Asibiti

Shekara talatin da huɗu Inna ta yi tana wanki a asibiti, ba ta taɓa wuni ɗaya a gida da sunan ciwo ba. Ba sai ka tambaye ta ba, za ta faɗa maka tun ba ka gama gaishe ta ba. In ka ce mata ina gajiya, sai ta ce gajiya ta ragwaye ce. In kuwa tsautsayi ya sa ka yi atishawa a gabanta, kallon da za ta yi maka sai ka gwammace da sata aka kama ka. Uwata ce, ita ta haife ni, kuma na daɗe da daina jin nauyin faɗin cewa zama da ita azaba ne.

A wurin aiki Gagara-Ciwo suke ce mata, tana kuma amsawa da ƙarfi. Ni kuwa Tangaran ta raɗa mini, wai ko iska ce ta taɓa ni sai na fashe. Ƙirjin Baba na gado, duk lokacin sanyi sai na kwanta. Takan tsaya a kaina da ƙoƙon ruwan zafi ta ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai tawa ko rarrafen ma da nishi take yi." Ta ba ni magani, ba ta taɓa hana ni ba, amma da baƙar magana nake haɗiye shi.

Ɗakin wankin yana can bayan asibiti, inda mai ziyara ba ya kaiwa. Rufinsa ƙasa-ƙasa, tururi ya cinye fentin bango, warin bilic kuma yana tarar mutum tun daga lungu. Injin wanki uku ne a ciki, ɗaya ya mutu tun kafin a haife ni, suka mai da shi ma'ajiyar takalma. Tana da shekara sha tara ta shiga ɗakin nan, kuma ba ta taɓa neman a sauya mata wuri ba. Kaya iri biyu ake turo musu a keke: na farar leda, da na jar leda wanda ke fitowa daga ɗakin masu cutar da ake ɗauka. Doka ta ce jar leda ba a tona ta, a sa safar hannu da takunkumi a juye ta cikin inji yadda ta zo. Inna kuwa sai ta kwance, ta ɗaga zannuwan gadon ɗaya bayan ɗaya da tsurar hannunta ta kakkaɓe, wai tana neman allura da almakashin da nas-nas ke mantawa a ciki. Shugabanni nawa suka yi mata faɗa har suka yi ritaya suka bar ta.

Kada in zalunce ta, tana samun allurar kuwa. Injin da take kula da shi bai taɓa lalacewa a hannunta ba, kuma zanin da ta wanke ko makaho ya shafa ya san nata ne. Aiki dai ta iya shi. Hali ne babu.

Masu wankin suna da wata ɗabi'a. Duk zanin gado ko bargon da ya yage har aka soke shi daga cikin kayan asibiti, sai su ce an kashe shi, kowa ya ɗauki rabonsa ya kai gida. Da irin waɗannan matattun aka yi labulen ɗakinmu, da rigar filo, har da ɗan siket ɗin da nake sawa ƙarƙashin kayan makaranta, da tambarin asibiti ɓaro-ɓaro a gefensa. Inna tana da nata gwajin kafin ta bari mu taɓa. Duk abin da ta kawo, sai ta kwana biyu tana shimfiɗa shi ko tana lulluɓa da shi. In ta tashi garau, shi ke nan ya ci jarrabawa. "Jikina ne ma'auni," in ji ta. "Abin da bai taɓa ni ba, ba shi da komai."

Baba mai gyaran agogo ne, yana da ɗan tebur mai gilashi a bakin titi kusa da tashar mota. Mutum ne mai sanyin murya, asma ta hana shi ko ɗaga ta. Shekarar da nake da tara aka yi wata muguwar mura a gari, asibiti ya cika har baranda. A makon nan Inna ta kawo masa wani bargo mai ruwan toka, mai kauri, saboda sanyin ƙirjinsa. Da yamma in ya dawo sai ya ja ni cikin bargon nan mu zauna, yana koya mini karanta agogo da wani tsohon da ba shi da gilashi. Ni na fara kwanciya da zazzaɓi. Kwana uku tsakani shi ma ya kwanta, murar ta sauka masa a haƙarƙari. Ni na tashi, shi kwana goma ya yi.

Washegarin da aka kai shi makwancinsa, Inna tana ninke rigunansa a bakin gado, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ke kika kwaso a makaranta kika kawo masa. Ga shi ke kin miƙe, shi ya tafi." Ba sau ɗaya ta faɗa ba. Duk shekarar da na kwanta sai ta tuna mini, wani lokaci da dogon bayani, wani lokaci da tsaki kawai. Na girma, na zama malamar firamare, na yi aure, duk da maganar nan a wuyana. Har yau in yaro ya yi tari a ajina, sai gabana ya faɗi in tuna da ubansa.

Ina da shekara talatin da ɗaya na haihu, bayan na fid da rai. Bakwaini ce, mace, mako biyar ta yi a kwalba. Ranar da aka sallame mu likitan yara ya ja mana kunne ni da maigidana: mai mura kada ya kusance ta, wanda zai ɗauke ta ya wanke hannu da sabulu, wanda ya fito daga cikin marasa lafiya ya sauya kaya tukuna. Ya ce murar da babba zai sha da ruwan zafi, ita tana iya tafiya da ita.

Kwana huɗu da dawowarmu, da la'asar, sai ga Inna. Daga wurin aiki take kai tsaye, da shuɗiyar rigarta ta wanki, da ƙunshi a hammata. Na tare ƙofa.

"Matsa in ga jikata."

"Inna, ki je gida ki yi wanka ki sauya kaya, sai ki dawo."

"Ni? Ni za ki ce wa in yi wanka? Duk tsabtar asibitin nan daga hannuna take fita!"

"Likita ne ya ce."

"Likitan da na wanke masa riga tun yana ɗalibi? Kauce, Tangaran. Ga ƙyallaye na yanka mata, masu laushi, sun sha wanki sun mutu."

"Na asibiti ne?"

"To na gidan ubanwa ne? Kwana biyu na yi da su ƙarƙashin kaina, ga ni garau. Ni ba na ɗaukar ciwo, balle in ba wani. In akwai mai kawo ciwo gida a zuriyar nan, kin san ta."

Na ce, "To wadda ta kashe ubanta ba za ta bari a kashe mata 'ya ba." Na rufe ƙofa na murza makulli. Ta yi ta bugu tana kiran sunayen da ba zan rubuta ba, maƙwabta na leƙe ta taga. Maigidana ya ce in buɗe, uwa ce. Na ce masa tasa uwar yake nufi, tawa ni na san ta. Da ta gaji ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofa ta tafi. Da tsintsiya na tura shi cikin kwandon shara.

Wata biyu ba ta zo ba, ban je ba. Ban yi kewarta ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ba.

Akwai wani abu da ke gudana a asibitin tun farkon sanyi, wanda Inna ta cika wa kowa kunne da shi. Wata matashiyar likita mai bincike tana son gano dalilin da ya sa wasu ma'aikata ke cuɗanya da cuta shekara da shekaru ba su kwanta ba. Ta zaɓi mutane, Inna ce ta farko a layi. Duk mako sai a zura mata ɗan tsinke mai auduga a hanci, duk wata kuma a ɗibi jininta. A wajen Inna wannan ba bincike ba ne, shaida ce gwamnati da turawa da kowa suka zo ɗauka cewa ita ba kamar sauran mutane ba ce.

Ranar wata Talata da safe sai ga ta a ƙofata, ta ci ado kamar za a ba ta lambar yabo. Ba ta gaishe ni ba.

"Sakamako ya fito. Sa mayafinki ki zo ki ji da kunnenki. In likita ta ce jinina tsarkakakke ne, yau ɗin nan zan ɗauki yarinyar nan, ko kina so ko ba kya so."

Na bar jaririyar wajen ubanta na bi ta. Muka shiga mota sai asibiti.

Ofishin ɗan ƙarami ne, firji biyu na gurnani a kusurwa, takardu har kan kujera. Likitar ta kwashe su ta ba mu wuri. Ta tambayi Inna ko ta yarda a yi magana a gabana. Inna ta ce ai don ni aka zo.

"Inna, jininki ya ba mu sha'awa ƙwarai," in ji likitar. Inna ta juyo ta kalle ni, ta gyara ɗaurin kallabi. "Bari in yi miki bayani a sauƙaƙe. In ƙwayar cuta irin ta mura ta shiga jikin mutum, sassan da ta fara taɓawa sukan saki wani sinadari, muna ce masa intaferon. Kamar ihu ne, a ce ɓarawo ya shigo unguwa. Ihun nan shi ke tayar da wasu ƙwayoyin gado da ke kwance a jikin kowa, su kuma su sa a rurrufe ƙofofi, sojojin jini su fito. Akwai guda ɗaya daga cikinsu da muke bi. A wasu mutane tana da nauyin barci, kafin ta farka ɓarawo ya yi ɓarna. Taki kuwa, a gwajin da muka yi, tun ihun bai gama fita ba, sai ta miƙe."

"Kin ji ko?" Inna ta ce da ni. "Maimaita mata, likita. Kunnenta ma tangaran ne."

Na ce, "Wannan ƙoƙarinta ne, ko haka aka haife ta?"

"Gado ne. Ba wanda ya zaɓa wa kansa, ba kuma laifin wanda bai samu ba."

Inna ta yi kamar ba ta ji wannan ba. Ta ce, "Ni dai ki rubuta mata a takarda cewa cuta ba ta shiga jikina."

Likitar ta ce, "A'a, Inna, ba haka na ce ba. Tana shiga." Ta juyo da wata takarda mai layi-layi. "Cikin sanyin nan kaɗai, sau biyu muka sami ƙwayar mura a hancinki. Ga nan, ga kuma nan. Ranar nan ta biyun har kina tsokanar mai ɗibar jini wai hannunsa na rawa. Jikinki yana murƙushe ta ne kafin ki ji komai."

Na ja takardar na duba kwanan wata. Na biyun ranar sha huɗu ne. Ranar sha biyar ta tsaya a ƙofata da ƙunshinta. Na faɗa a fili, na kuma faɗa da ƙarfi, don kada ta ce ba ta ji ba.

Na tambaya, "Mai irin wannan jiki, yana iya shafa wa wani?"

"Yana iya yiwuwa. Wataƙila bai kai wanda ke tari da atishawa ba, wannan muna kan bincikensa. Amma kusa da bakwaini, ni ba zan yi gangancin ba."

Inna ta matso bakin kujera. Muryarta ta sauya, ban taɓa jin ta haka ba. "Tsaya, 'yata. In na sami abu, zani ko bargo, na kwana biyu da shi a jikina ban ji komai ba. Wannan abin ba shi da komai, ko ba haka ba?"

Likitar ta yi murmushi, ita a ganinta tambayar tsofaffi ce. "Haba Inna. Ai duk asibitin nan ke ce ta ƙarshe da za a gwada abu a jikinta. Ko yana da komai, ke ba za ki ji ba."

Ban ga abin da ya faru a fuskarta ba, don ni ta kaina nake yi, daɗi ya cika ni. E, daɗi na ji. A baranda na ce mata, "Ma'auni ya karye, Gagara-Ciwo." Na jira ta yi mini wankin babban bargo kamar yadda ta saba. Sai ta ce, "Tafi gida, 'yarki na jira." Ta bi lungun da ke kaiwa ɗakin wanki, da adonta da komai, alhali ranar hutunta ce.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, na ji sallama ƙasa-ƙasa. Na buɗe. Inna ce tsaye nesa da dokin ƙofa, da kayan gida wankakku, hannunta babu komai. Hannayen sun yi jawur har gwiwa, fatar ta tsattsage saboda dirza. Na ce in ta zo ɗaukar yarinya ne, ba yau ba. Ta ce ba shi ya kawo ta ba.

"Kin tuna bargon nan mai ruwan toka?"

"Na Baba."

"Ba matacce ba ne. Sabo ne, na wani mutum ne da 'yan'uwansa suka kawo masa daga gida. Ya cika da safe, aka haɗo da bargon cikin jar leda." Tana magana tana kallon takalmina. "Na ulu ne. In na sa shi a inji, ruwan zafi zai tsuke shi ya lalace. Na ga ubanki na fama da sanyi. Sai na naɗe shi na fito da shi."

"Ba ki wanke ba."

"Na kwana biyu da shi. Na lulluɓa har kaina. Ban ji komai ba."

Sai a lokacin na tuna cewa ban sake ganin bargon nan ba tun da aka fitar da Baba. A gidan da ko tsumma ba a yarwa. Na tambaye ta ina ya shiga.

"Na ƙone shi a bayan gida."

"Yaushe?"

"Ranar da aka kai shi."

Na lissafa, ba wuya. Ta ƙone bargo ranar, washegari ta zauna a bakin gado tana ninke riguna ta ɗora mini. Ko bargon ne, ko numfashinta ne, ko kuma ni ɗin ce daga makaranta, ba likitan da zai iya faɗa yanzu, Allah kaɗai ya sani. Amma wanda ya tabbata abu ba shi da komai ba ya cinna masa wuta. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Inna ta taka nata, ta duba duk gidan, ba ta hango kowa ba sai 'yar da ke tari a kan tabarma.

Na ce, "Shekara ashirin da biyu, Inna."

"Ni lafiyata ƙalau nake lokacin. Ke ce kike tari."

"Faɗi. Ki ce ba ni ba ce."

Bakinta ya motsa. Matar da ba ta taɓa rasa amsa ba, wadda ta ƙure shugabanni bakwai, ta shiga murza jajayen hannayenta. Can ta ce, "Shekarunki tara." Ta sake cewa, "Tara fa." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma na san ba zan sami fiye da haka ba har ɗayanmu ya mutu. Na so in ji na huce. Ban huce ba, zuciyata tafasa ma ta ƙara yi, har na ji ina son in faɗa mata maganar da za ta kwantar da ita ciwon da ba ta taɓa yi ba.

Sai jaririyar ta farka a ɗaki ta tsala kuka, irin siririn kukan nan nata. Kafin in juya Inna ta riga ta ɗaga ƙafa, hannayenta sun miƙe da kansu. Ƙafar ba ta sauka a cikin ɗaki ba. Ta mai da ita, ta ja da baya taki biyu, ta kai hannayen nan jajaye bayanta ta riƙe ɗaya da ɗaya.

Na shiga na ɗauko yarinyar, na zauna a kujerar da ke kallon ƙofa na ba ta nono. Ban rufe ƙofar ba, ban kuma ce ta shigo ba. Tana nan tsaye a rana tana leƙen ɗan kan da ya fito daga cikin zani. Da yarinyar ta ƙoshi na ɗaga ta a kafaɗa, fuskarta ta juya wajen ƙofa. Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe hancinta da bakinta.